Malam Daidai-wa-daida da Babi Na Shida

Shekara goma sha tara teburina yana bakin ƙofar ofishin Malam Daidai-wa-daida, a hawa na biyu na sashen lissafi na jami'armu. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba labari aka ba ni ba. Ni ce sakatariyar sashen. Duk takardar da ta fita daga hannunsa sai ta bi ta yatsuna. Duk wanda ya zo wurinsa da fushi ni yake fara sauke wa, in kuma ya fito yana dariya ni yake mantawa ya yi wa sallama.

Ga yadda aikinsa yake. Kowace shekara ɗalibai fiye da dubu ne suke shigowa karatun injiniya, masu son gina gada, masu son lantarki, masu son inji, kuma dukkansu sai sun bi ta kwas ɗaya na lissafi a zangon farko. Babu ɗakin da zai ɗauke su, don haka ake raba su rukuni takwas, kowane rukuni da malaminsa da lokacinsa. Amma jarrabawa ɗaya ce, rana ɗaya, tambayoyi iri ɗaya. Wanda ya faɗi ba ya wucewa gaba sai ya sake, wanda ya sake faɗi kuwa shekara ta tafi. Aikin Malam shi ne ya tabbatar malamai takwas, kowa da halinsa, sun koyar da abu ɗaya a mako ɗaya. Wanda ya taɓa jan awaki takwas da igiya ɗaya zai gane abin da nake nufi.

Malam ɗan tela ne, na bakwai a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Ya sha gaya mini yadda mahaifinsu yake shimfiɗa yadi guda a ƙasa ya yanka musu riguna, babu wanda aljihunsa ya fi na wani girma. Ina jin can ya samo ciwon. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don komai ka kawo masa, ko roƙo ko ƙorafi, amsarsa ita ce, "Abin da aka yi wa rukuni ɗaya shi za a yi wa sauran, daidai wa daida." Matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ƙawata ce ta hira, ta ce a gida ma haka yake. In ya ɓare lemo sai ya ƙirga ɓarin ya raba wa 'ya'yansu mata uku, in ɗaya ya yi saura ya jefa a bakinsa, wai don kada a yi rigima. Ta ce ita dai ta lura bai taɓa baƙin cikin ganin saura ba.

A bangon ofishinsa akwai wani allon katako mai layi takwas, kowane layi da ƙaramar ƙusa mai kai kala daban. Duk ranar Alhamis da ƙarfe goma malaman takwas suke taruwa, in kawo shayi, shi kuma ya tsaya gaban allon ya bi su ɗaya bayan ɗaya: "Ina aka kwana?" Kowa ya faɗi babi da sashen littafin da ya kai. "Huɗu, sashe na biyu." Sai ya zare ƙusa ya matsar da ita gaba. Ranar da ƙusoshin nan takwas suka jeru sambal, to ranar ko hutun kwana biyu ka roƙa za ka samu.

Cikin malaman akwai wani matashi da muke kira Dakta Jirgi, don in aka sake shi sai ya gama littafin kafin ɗalibai su gama rubuta kwanan wata. Rabin wahalar Malam ta riƙe masa linzami ce. Akwai kuma Baba Mai Alli, malamin rukuni na bakwai, wanda ya shekara arba'in yana koyarwa kuma har yau bai yarda da farin allo ba. Shi ya koyar da Malam kansa a shekararsa ta farko a jami'a. Malam ba ya zama in Baba yana tsaye, ba ya kuma shan shayi sai Baba ya kurɓa. A shekarar da nake ba da labari, zangon ƙarshe ke nan na Baba kafin ya yi ritaya.

A farkon zangon Malam ya miƙo mini jadawalin darussa in buga, da ƙa'idarsa ta kullum, wai kada ya wuce shafi ɗaya, don malami ba ya juya takarda. Na gwada na gwada ya ƙi shiga. Na leƙa na ce, "Malam, sunayen babobin nan ne suka cinye wurin." Ya ce, "Cire su, Hajiya, ki bar lambobin. Lamba ba ta ƙarya." Na cire. Jadawali ya fito tsaf, kyakkyawa, har ya ɗaga shi sama yana yabona. Ina faɗin wannan ne don a san da hannuna a ciki.

Zango ya yi ta tafiya lafiya lau. Ban taɓa ganin ƙusoshin nan sun jeru kamar na bana ba. Baba ma, wanda ya saba tsayawa a darasi ɗaya yana ba da tarihin wanda ya gano shi, bai yi latti ko sau ɗaya ba. Mako uku na ƙarshe na babi na shida ne, kuma duk Alhamis Baba yakan ajiye kofinsa ya ce, "Shida, sashe na ɗaya." Mako na gaba, "Shida, sashe na uku." Malam ya matsar da koriyar ƙusar rukunin Baba yana murmushi.

Saura kwana goma jarrabawa, wata ɗaliba ta tsaya a gaban teburina da littattafan rubutu biyu a ƙirjinta. 'Yar siririya ce, da ganin idonta ka san ta daɗe tana shawarar zuwa.

Ta ce, "Anti, don Allah tambaya ce da ni. Ni 'yar rukuni na bakwai ce, wadda muke ɗaki ɗaya kuma 'yar rukuni na biyu. Jiya muka zauna bita, sai muka ga babi na shidanta daban, nawa daban. Ita ta ce ni ce ba na zuwa aji, ni kuma wallahi ban taɓa fashi ba."

Ni ba lissafi na karanta ba, amma shekara goma sha tara ina buga shi, na san kamanninsa kamar yadda ake sanin fuskar maƙwabci. Na buɗe littattafan biyu gefe da gefe. Na ɗaya cike yake da lissafin yadda abu ke canzawa da lokaci, yadda tanki ke tsiyayewa, yadda ƙarfe mai zafi ke hucewa. Na biyu kuwa dogayen jerin lambobi ne da ake ta tarawa ba iyaka. Ko makaho ya shafa ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Na shiga da ita wurin Malam. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya tambaye ta ko babu wanda yake da littafin kwas a ajinsu. Ta ce akwai, amma tunda Baba ba ya bin littafi sau da ƙafa, kuma da kansa yake ƙirƙiro aikin gida a allo, sun ɗauka wata hanya ce zai ɓullo da su. Malam ya yi mata godiya har bakin ƙofa. Da ta tafi sai ya zauna a kujerar baƙi, ba tasa ba, ya ce, "Hajiya, wane littafi Baba yake riƙewa?"

Duk sashen an san littafin Baba. An naɗe shi da takardar buhun siminti, an ɗaure bayansa da salatif har ya yi kauri, tun yana saurayi yake tare da shi. Littafin kwas ɗin ne dai, marubuci ɗaya, suna ɗaya. Sai dai namu bugu na tara ne, nasa na uku. Na sauka laburare na roƙo tsohon bugu, muka buɗe. Daga babi na ɗaya zuwa na biyar babu bambanci. A na shida ne masu buga littafin suka yi musanya, suka ɗauke jerin lambobi suka kai can ƙarshe, suka jawo lissafin tanki gaba. Shekarun baya jadawali yana ɗauke da sunayen babobi, don haka Baba yakan bi sunan ya nemo abinsa. Bana muka ba shi lamba tsura, shi kuma ya bi ta da gaskiya da amana.

Takardar jarrabawa ta riga ta tafi ofishin jarrabawa, an rufe an buga hatimi. Tambayoyi biyar ne, duka dole, kuma ta biyar kacokan daga babi na shida take. Ɗalibai ɗari da arba'in za su shiga ɗaki su tarar da maki ashirin cikin ɗari a kan abin da ba su taɓa ji ba. Masu ƙoƙari za su tsallake da ƙyar. Na tsakiya, waɗanda su ne mafi yawa, za su zube.

Kwana biyu Malam yana safa da marwa tsakanin taga da allon katako. Dakta Jirgi ya ce a soke tambaya ta biyar kawai a huta. Malam ya ce sauran rukunan guda bakwai sun yi mako uku suna gumi a kanta, kuma injiniyan da bai san yadda tanki ke tsiyayewa ba, shi dai ba zai kwana a ƙarƙashin tankinsa ba. Wani ya ce a kai maganar wurin shugaban sashe a rubuce. Malam ya ƙi, don ya san takarda irin wannan ita ce za ta zama ta ƙarshe a fayil ɗin Baba bayan shekara arba'in. Abin da ya rage shi ne a je a faɗa wa Baba, kuma nan ne ƙafar Malam ta ƙi ɗaguwa. Mutumin da yake iya kallon ɗalibai dubu ya ce musu a'a, ya kasa takawa zuwa ofishin Baba, ƙofa huɗu kacal daga nasa.

Rana ta uku da safe haƙurina ya ƙare. Na ce, "Malam, an ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ko gorar ba mu ɗauko ba. Kwana goma sun koma takwas kana nan kana auna ɗaki da ƙafa. In ba za ka je ba ni zan je, kuma ka san bakina." Ya dube ni ya ga da gaske nake. Na rungumi sabon bugu, ya bi bayana kamar wanda za a kai wa allura.

Baba yana zaune yana goge alli daga hannun rigarsa. Malam ya gaishe shi ya ƙara gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, har ya fara tambayar motar da Baba ya sayar tun bara. Ni dai na buɗe sabon bugu a babi na shida na ajiye kusa da tsohon. Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya juya shafi biyu.

Malam ya yi sauri ya ce, "Baba, laifina ne. Ni na cire sunayen, ni kuma ban taɓa tambayar abin da aka koyar ba sai lamba. Ku babu ruwanku."

Baba ya ɗago kai ya ce, "Kai, yaro. Ni na koya maka lissafi, kada ka zo ka koya mini ƙarya. Shekara shida sabon littafin nan yana cikin durowata, ko ledarsa ban cire ba. Rabin laifi naka, rabi nawa. Ai kai ne mai daidai wa daida, raba mana." Sai ya juyo gare ni. "Ke kuma 'yar nan, da kika buga?"

Na ce, "Baba, ni a ba ni ɓarin da ya yi saura."

Ya yi dariya har da tari, amma na ga yana shafa tsohon littafin, kuma raina bai yi mini daɗi ba. Da ya natsa ya tambaya, "Kwana nawa?" Malam ya ce takwas. Baba ya ce, "A ba ni safiya shida. Ni na ɓatar da su, ni zan dawo da su hanya."

Daga nan Malam ya dawo Malam ɗin da na sani. Kafin azahar ya je wurin shugaban sashe da ƙafarsa ya faɗi abin da ya faru, ya ɗora kuskuren a kan jadawalinsa, ya samo izinin ƙarin darasi daga bakwai zuwa tara na safe. Ɗaki ne ya gagara, don duk an jera kujerun jarrabawa an kulle. Daga ƙarshe mai kula da wurin koyon aikin hannu na injiniyoyi, wani dogon zaure mai rufin kwano da warin baƙin mai, ya ce a zo, in dai ba za a taɓa masa injuna ba. Malam ya tsara cewa Baba zai koyar awa ɗaya, sannan sauran malamai su rarraba ɗaliban su zauna da su a kan aikin gwaji. Dakta Jirgi ne ya fara ɗaga hannu, kuma karo na farko a rayuwarsa saurinsa ya yi rana.

Sai kuma halin Malam ya motsa. Na buga sanarwa ga rukuni na bakwai, Malam ya karanta ya ce, "A'a, Hajiya. In an ba waɗannan ƙarin darasi, sauran fa?" Na ce sauran ai an koya musu. Ya ce duk da haka ƙofa a buɗe take ga kowa. Na ce za mu yi da-na-sani. Washegari mutum ɗari huɗu suka cika zauren, wasu a kan benci, wasu a kan tayoyi, wasu a tsaye a taga. Sai da Malam ya tsaya a ƙofa da jerin sunaye yana shigar da 'yan rukuni na bakwai layin gaba.

Baba ya iso da tsohon bokitin fenti da ƙusa da guduma. Ya huda gindin bokitin, ya cika shi da ruwa, ya ɗora a kan tebur, ya ce wa ɗalibar nan da ta tona asiri ta riƙe agogo. Ruwa ya fara zuba da ƙarfi, can ya rage gudu, can ya koma ɗigo. Baba ya ce, "Wa zai gaya mini dalilin da ya sa ya rage gudu? Ramin bai ƙanƙance ba." Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Sai da suka gaji da gardama sannan ya ɗauki alli ya rubuta layi ɗaya a jikin ƙofar ƙarfe, ya ce, "Ga abin da bokiti yake faɗa muku." Na ji wani dogon yaro a bayana ya ce, "Au, dama wannan ne abin?" Ɗan rukunin Dakta Jirgi ne.

Haka aka yi safiya shida. Rana ta biyu butar shayi mai zafi Baba ya kawo da ma'aunin zafi, kuma butata ce, ba a ma tambaye ni ba. Mai kula da zauren, wanda ya ce kada a taɓa masa komai, shi ya koma ɗebo ruwa. Malam kuwa kullum yana can baya a tsaye, yana ƙirga kawuna.

Aka yi jarrabawa. A sashenmu ba a ware wa malami takardun rukuninsa ya duba. Ana rufe sunaye, a tara takardu dubu da ɗari da wani abu a dogon tebur, kowace tambaya a ba malamai ta hanyar ƙuri'a, su duba ta tun daga takardar farko har ta ƙarshe. Kafin a jefa ƙuri'a Baba ya ja Malam gefe, kusa da teburina, ya ce a ba shi tambaya ta biyar, yana so ya gani da idonsa. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, kun san rubutun yaranku. Ba zan iya ba ku ba." Ban taɓa jin ya ce wa Baba a'a ba sai ranar. Baba ya dube shi ya ce, "Da ka ba ni, da na raina ka." Ƙuri'a ta ba shi tambaya ta biyu, ya zauna ya duba abinsa yana mita a kan rubutun yaran zamani.

Ranar da sakamako ya haɗu, Baba ya riga ya kwashe kayansa a kwalaye, ofishin ya zama wayam sai kujera biyu. Malam ya shiga da takardar, ni ina biye da shi don in karɓi makullin ofishin, muna shiga kuwa Baba ya miƙo mini shi. Ya ce rukuni na bakwai sun yi abin kirki, ɗari da ashirin da uku sun wuce, kuma ɗalibar nan mai agogo ta cinye tambaya ta biyar gaba ɗaya. Baba ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce, "Nawa suka faɗi?"

"Goma sha bakwai."

"Sauran rukunan fa?"

"Sha uku, sha huɗu, sha biyar. In aka daidaita, sha huɗu."

Baba ya ƙirga da yatsu. "Ke nan sha huɗu da ma za su faɗi, ko da bokiti ko babu. Ukun nan na sama namu ne."

Malam ya ce, "Namu ne, Baba. Tun jiya nake juya takardar nan. Na duba makinsu ta kowace fuska, na kasa gane waɗanne ukun ne."

Mutumin da ya yarda da lamba fiye da kowa, ga lamba ta gaya masa akwai yara uku da ya cuta, ta kuma ƙi nuna masa fuskokinsu. Na tausaya masa ƙwarai.

Baba ya tambayi yaushe ne jarrabawar masu sakewa. Malam ya ce bayan hutu, mako bakwai nan gaba. Baba ya miƙo hannu ya karɓe makullin da ya riga ya ba ni, ya mayar aljihu.

Ya ce, "To tunda ba mu san su ba, sai mu ɗauke su duka mu koya musu. Ni Litinin da Laraba, kai Talata da Alhamis. 'Yar nan, buga mana sunayensu."

Malam ya buɗe baki, na san abin da zai ce, don haka na riga shi: "Da na sauran rukunan da suka faɗi, na sani." Na koma teburina na zauna. Sunaye ɗari da goma sha biyar ne, suka ci shafi uku, kuma babu wanda ya ce in rage.